Ribar Hannu Da Ribar Iyaka: Wacce Za Mu Zaɓar Wa 'Ya'yanmu?

Duk magidancin da ke da saurayi a gida, a nan Guéné ne ko Malanville, ko ƙetaren kogi a Gaya, ko can Kamba, akwai tambayar da ba ta barinsa ya yi barci mai nauyi, wato shin wane layi za a ɗora yaron nan a kai? Kara za a kai shi ya koyi cinikin shanu, ko lambu za a tura shi, ko kuwa a ba shi ɗan jari ya bi sahun masu ƙetarar da kaya? A yau kan wannan tambaya muke so mu yi tsokaci, kuma abin da ya ba mu makama, kada ku yi dariya, wani wasa ne na noma da ake yi a kwamfuta da wayar hannu.

Sunan wasan Stardew Valley. Wani Ba'amurke mai suna Eric Barone ne ya tsara shi shi kaɗai, ya fito da shi a watan Fabrairun 2016, kuma ya zuwa shekarar 2024 an sayar da fiye da kwafi miliyan 30 a duniya. A cikinsa mutum kan gaji tsohuwar gonar kakansa wadda ta zama saura, sai ya shiga sharewa da shuka da ban-ruwa. Fannoni biyar ake ƙwarewa a kai: noma, kamun kifi, haƙar ma'adinai, tsintar abin daji da kuma faɗa, kowane fanni da matakai goma. To, abin da ya ja hankalinmu shi ne, idan mai wasa ya kai mataki na 5 a fannin noma, sai a tsayar da shi a ce ya zaɓi ɗaya cikin biyu: ko ya zama makiyayi, abin da dabbobinsa suka samar ya ƙara daraja da kashi 20 cikin 100, ko ya zama manomi, amfanin gonarsa ya ƙara daraja da kashi 10 cikin 100.

Mai gaggawa da ya ga 20 ta fi 10, ba ya ko tsayawa shawara. Amma fa zaɓin farko shi ke yanke ƙofar da za ta buɗe a mataki na 10. Wanda ya haƙura da kashi 10 ɗin nan, shi ne ake bai wa damar zama mai sarrafa kaya, wato duk abin da ya juya da hannunsa, madara ta zama cuku, gashin tumaki ya zama yadi, 'ya'yan itace su shiga kwalba, sai darajarsa ta ƙaru da kashi 40 cikin 100. A duk fannin noma na wasan babu ƙarin da ya kai wannan. Shi ya sa da yawa daga cikin waɗanda suka daɗe a wasan suke bin wannan hanya, hatta masu garken shanu a cikinsu.

Ba muna tallan wasa ba ne, kuma ba mu ce a sakar wa yara waya su wuni a kanta ba alhali ga karatu ga aikin gida. Abin da muke nufi shi ne, wanda ya tsara wannan wasa ya gano abubuwa biyu da kasuwanninmu suka daɗe suna koyarwa. Na farko, zaɓin da saurayi ya yi a farkon rayuwarsa shi ke buɗe masa wasu ƙofofi ya rufe wasu. Na biyu, riba mai tsoka tana hannun wanda ya ƙara wa kaya wani abu kafin ya sayar.

Sai dai akwai inda wasan ya sha bamban da Guéné. A can, farashi a tsaye yake, mutum ya zuba kaya cikin akwati da yamma, kafin gari ya waye kuɗinsa sun shigo. Babu duwan, babu ɗan canji, babu gwamnatin da za ta wayi gari ta gitta kwantena a kan gada. Kuma idan mutum ya yi nadamar zaɓinsa, sai ya biya kuɗin wasa 10,000 a canza masa. Mu kuwa a nan, canza layi shekaru yake ci, wani lokaci har da jarin gida baki ɗaya. Don haka zaɓinmu ya fi na wasa bukatar natsuwa.

A ganinmu riba iri biyu ce a kasuwannin kan iyaka. Akwai ribar iyaka, wadda ke fitowa daga bambancin farashi ko na doka tsakanin wannan gaɓa da waccan. Buhun da aka saya a nan shi ne dai aka sayar a can, ba a ƙara masa komai ba sai tafiya. Akwai kuma ribar hannu, wadda ke fitowa daga abin da mutum ya iya: ya san yadda ake ajiye albasa ta yi watanni ba ta ruɓe ba, ya san yadda ake mayar da ramammen rago na Layya, ya san yadda ake turara shinkafa ta fita daga inji ba ta kakkarye ba. Ta farko a hannun hukuma take, ranar da ta ga dama ta ɗauke. Ta biyu kuwa duk inda mutum ya sa ƙafa tana biye da shi.

Mu duba abin da ya faru a idonmu. A 2016 Nijeriya ta hana shigo da shinkafa ta iyakokin ƙasa, a farkon 2017 ta ƙara da motoci. A watan Agustan 2019 ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta soma buɗewa ba sai a Disambar 2020, kuma ko a lokacin guda huɗu kawai ta buɗe: Seme, Illela, Maigatari da Mfum. Ita Kamba da ke maƙwabtaka da mu sai a watan Afrilun 2022 aka buɗe ta. A ranar 29 ga Mayun 2023 sabon shugaban Nijeriya Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa wajen 500, samarin da ke rayuwa a kan jarka da babur suka ga ribarsu ta tsuke a dare ɗaya. A watan Yuni na wannan shekara aka saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa, Dala ta tashi daga wajen Naira 460 har ta haura 1,500 a farkon 2024.

Ba a gama farfaɗowa daga wannan ba, sai ga juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023. Ƙungiyar ECOWAS, wato CEDEAO, ta ƙaƙaba takunkumi, aka toshe gadar da ta haɗa Malanville da Gaya, manyan motoci suka yi layi na kilomitoci, kaya suka lalace a cikinsu, jama'a suka koma kwale-kwale. Ko da aka ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024 Benin ta buɗe ɓangarenta, hukumomin Yamai ba su buɗe nasu ba, kayan da a da ke bin Kwatano da Parakou da Kandi suka karkata ta Lome da Burkina Faso. Dattawanmu kuma ba su manta da Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya darajar Sefa da rabi. A cikin duk waɗannan, babu wanda aka zo kasuwar Malanville aka nemi shawarar 'yan tebur kafin a zartar.

To, wane ne ya fi jin jiki a kowane karo? Shi ne wanda duk iliminsa na kasuwa bai wuce sanin hanya da sanin wanda ake gaisarwa a shinge ba. Ranar da hanya ta mutu, iliminsa ya mutu tare da ita. Ba mu ce mai sana'ar hannu bai ji a jikinsa ba. Ya ji, domin faɗuwar Naira ta rage ƙarfin masu zuwa daga Nijeriya sayen shanu a karar Guéné, rufe gada kuma ya taƙaita kasuwar kowa. Amma shi yana da abin da zai juya ya kai Kandi ko Parakou ko Dantokpa a Kwatano, domin mutanen kudu ba su daina cin albasa da nama ba don an rufe gada a arewa.

Kuma Allah bai bar wannan yanki hannu rabbana ba. Kasuwar Malanville ita ake lissafawa ta biyu a girma a ƙasar Benin bayan Dantokpa. Karar Guéné sananniya ce ga duk mai harkar dabbobi a arewacin ƙasar. Ga kogin Kwara, ga kogin Sota da ke zuba a cikinsa, ga fadamun shinkafa, ga lambunan albasa, ga audugar Banikoara da Kandi wadda ake samun abincin dabbobi daga 'ya'yanta. Abin da ya yi ƙaranci shi ne hannun da zai ƙara wa waɗannan abubuwa daraja kafin su bar garin.

Ɗauki albasa. Kowa ya san da zafi, lokacin da kowa ke cira, farashinta kan faɗi warwas, sannan ya tashi bayan damina har zuwa farkon sanyi. Ribar tana wurin wanda ya iya riƙe ta, riƙon kuwa ilimi ne. Tun daga gona ake fara shi: a sassauta takin yuriya, domin albasar da ta sha shi da yawa ruwa ce tsantsa, ba ta ajiyuwa, a ɗauke mata ruwa kwanaki kafin cira, a bar wuyanta ya bushe sosai kafin a yanke ganye, a ware mai rauni da mai tabo, a shimfiɗa ta a rudu ko ɗaki mai iska, sama da ƙasa, a riƙa dubawa ana tsame wadda ta soma lalacewa kafin ta shafi 'yan uwanta. Mutanen Galmi a Nijar ba da tsafi suka yi suna a Afirka ta Yamma ba, iri suka riƙe da kyau, suka kuma san kayansu. Hatta ganyen da wasu ke zubarwa, masu sani gabu suke yi da shi su sayar.

Ɗauki shinkafa. Manomin da ya sayar da shanshera a bakin gona don ya biya bashin taki, ya bar rabin ribar ga wani. Matan da ke jiƙa ta, su turara, su shanya a rana sannan a inuwa kafin a kai inji, su ne ke fitar da tsaba mai tsawo wadda ke iya tsayawa kusa da ta waje a kan tebur. Cibiyar AfricaRice ta kawo wa ƙungiyoyin mata a Glazoué da nan Malanville ingantattun tukwanen turara masu rage cin itace da rage tsakuwa da ƙauri. Wannan sana'a ce da ta cancanci magidanci ya sa mata jari kamar yadda zai sa wa shago, ba a bar ta a matsayin ɗan aikin mata na bayan gida ba.

Ɗauki dabba. A ƙarshen 2019 gwamnatin Benin ta hana garkunan ƙasashen waje ƙetarowa kiwo, wanda ke nufin ko shigowar shanu ma tana iya tsayawa da sa hannun mutum ɗaya. Amma mai kiwon turke, wanda ya san ya duba haƙori da ƙashi ya sayi ramammen rago watanni uku ko huɗu kafin Layya, ya ba shi maganin tsutsa, ya yi masa rigakafi, ya tanadi harawa da dusa tun da kaka lokacin da suke araha, wannan a tsakar gidansa yake ƙera ribarsa. Haka 'yan uwanmu Fulani mata da ke juya madara ta zama wagashi da ganyen tumfafiya, abin da zai lalace a yini ɗaya ya zama kayan da ake kaiwa har kudu. Haka mahaucin da ya iya kilishi. Duk waɗannan su ne masu kashi 40 ɗin namu na zahiri.

Mun san za a ce mana, ai a kan iyaka tsayawa kan abu ɗaya ganganci ne, idan albasa ta ƙi a bana me mutum zai ci? Wannan magana ce mai nauyi, kuma duk wanda ya ga ambaliyar 2010, da ta cinye gonaki a Malanville da Karimama, ba zai raina ta ba. Amsarmu ita ce a bambanta tsakanin gida da mutum. Gida shi ya kamata ya rarraba ƙafa, shi kuwa mutum ya ƙware. Idan Alhaji yana da 'ya'ya huɗu, ya fi masa alheri ɗaya ya san albasa ciki da bai, ɗaya ya san dabba, ɗaya ya san gyaran injin ban-ruwa da na casa, ɗaya kuma ya riƙe lissafi da cinikin nesa, da a ce su huɗun kowa ya taɓa nan ya taɓa can babu wanda za a kira gwani. Taura biyu ba ta taunuwa a baki ɗaya, amma bakuna huɗu sai su tauna huɗu. Shekarar da layi ɗaya ya ƙi, sauran su riƙe tukunyar gida.

Za a kuma ce, fatauci ai gadonmu ne, yaya za a ce a bar shi? Ba mu ce a bar shi ba. Kakanninmu da suka ratsa ƙasar Bargu da Djougou zuwa Gwanja neman goro, ba bambancin farashi kaɗai suka riƙe ba. Sun san goro: sun san wanda zai jure tafiyar watanni, sun san ganyen da ake naɗe shi, sun san yaushe ake kwance huhu a yayyafa ruwa a tsince mai ƙwaro. Alhaji Alhassan Ɗantata da goro ya soma, da jirgin ƙasa ya iso Kano kasuwar gyaɗa ta buɗe, sai ya koma can da sanin kaya da amanar da ya riga ya gina, har ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma. Wato falke na gaskiya shi ma mai ƙwarewa ne. Dillalin da zai kalli sa ya faɗi abin da zai yi a sikeli, ko 'yar kasuwar da za ta ɗebi shinkafa a tafi ta san ko ta bushe, su ma ribar hannu suke ci. Wanda muke tsoratar wa shi ne yaron da aka ɗora kan babur da jarka yana ɗan shekara 15, ya kai 30 bai san komai ba sai hanyar daji.

Akwai kuma batun jari, wanda shi ne ainihin abin da ke tura samari ga kuɗin yau-yau. Ajiyar albasa tana nufin kuɗin mutum su kwanta watanni, kiwon turke haka, koyon sana'a kuwa shekaru ne na yi wa maigida hidima da ɗan abin sabulu. Wannan ita ce kashi 10 ɗin da ake haƙura da ita a mataki na 5. Babu yadda za a yi saurayi ya jure shi kaɗai idan gida na jiran ya kawo cefane kullum. A nan ne nauyi ya hau kan iyaye da iyayen gida. Idan ana iya yin adashi don biki, ana iya yinsa don gina rudu. Idan Alhaji na iya sayen babur ya ba yaro haya, yana iya sayen raguna biyar ya ba shi turke a raba riba, wanda kuma hanya ce da addini ya yarda da ita.

Saboda haka, kafin a ɗora yaro a kan layi, muna ba da shawarar a zauna da shi a yi tambayoyi uku. Shin idan aka rufe gada gobe, abin da zai koya zai ci gaba da ba shi abinci? Shin akwai gwani a kusa da zai koya masa da gaske, ba wanda zai mayar da shi ɗan aike ba? Shin bayan shekara biyar a wannan layi, wace ƙofa ce za ta buɗe masa? A kuma duba inda zuciyar yaron ta karkata, domin wanda ba ya son warin garke ba zai yi kiwo ba ko an ɗaure shi a turken. 'Ya'ya mata ma a yi musu wannan zama, domin galibin sarrafa abinci a wannan yanki a hannunsu yake.

Kiranmu ga shugabannin kasuwa da sarakunan sana'a shi ne su farfaɗo da tsarin koyo a hannun maigida, da sharaɗi bayyananne da ranar yaye, yadda yaro zai san ƙarshen hidimarsa. Ga hukumar gundumar Malanville kuma, harajin da ake karɓa a kara da kasuwa ya kamata a ga alamarsa a rumbunan ajiya masu iska, da dandalin shanya, da malaman dabbobi da ake samu a ranar kasuwa. Su kuwa samarinmu masu latsa waya, in har wasan noma ya koya muku cewa zaɓi na da sakamako, to ku fito da wannan lissafi waje, ku je ku tsuguna gaban wanda ya iya, tun icce yana ɗanye.

Ana rufe iyaka ana buɗewa, kamar yadda muka sha gani, kuma muna roƙon Allah Ya daidaita tsakanin shugabannin ƙasashen nan uku, domin jama'ar gaɓar nan da ta can dangin juna ne. Amma ba daidai ba ne abincin 'ya'yanmu ya rataya ga abin da za a yanke a Abuja ko Yamai ko Kwatano. Allah Ya sa albarka a nemanmu, Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu damina mai albarka da kasuwa mai kyau, amin.